Kayan aro ba ya rufe katara: shin ta hau kan mai zuwa intabiyu?

Auwalu, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar malamai da iyayenmu a kan wata karin magana da ta raba mana kai a gida. An kira ƙanena intabiyu a wani banki a nan Kano, bai jima da gama bautar ƙasa ba, kuma ba shi da kwat, don haka ya yanke shawarar ya aro ta wani abokinsa da ya riga shi samun aiki. Da mahaifiyarmu ta ji, sai ta ce, "Kayan aro ba ya rufe katara," ta kuma umarce shi ya sa farar shaddarsa ta sallar bara da hula. Shi kuwa yana ganin idan ya shiga banki da kaftani a ranar da kowa ke sanye da kwat da naktaye, to ya faɗi tun kafin ya buɗe baki. Abin da nake son sani shi ne, me wannan magana take nufi a asali, kuma shin ta hau kan wannan lamari?

Malam Isiyaku, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. A iya fahimtata, an ɗauko hoton maganar ne daga macen da ta ari zane domin zuwa biki. Zanen an yanka shi ne daidai jikin mai shi, saboda haka duk yadda mai aron ta ja shi ta ɗaura, sai wani wuri kamar katara, wato gefen cinya, ya fito, ta wuni tana gyara. Akwai kuma fuska ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi: mai aro ba ya da kwanciyar hankali, domin yana tsoron kada mai ya ɗiga, kada ƙusa ta kama, kuma mai kaya yana iya aikowa a karɓa a lokacin da bai zata ba, wani lokaci ma a gaban jama'a.

To amma a yadda Hausawa ke amfani da ita yau da kullum, an fi jefa ta ga mai taƙama da abin da ba nasa ba, kamar mai yawo da motar wani yana nuna tasa ce, ko mai tutiya da arzikin surukai, ko wanda ya haddace jawabin wani ya zo yana karantawa kamar daga kansa ya fito. Ƙanenka ba taƙama ta sa shi aro ba, sharaɗin wurin da yake neman abinci yake ƙoƙarin cikawa. Don haka ni ina ganin maganar ta hau kansa ta fuskar farko kaɗai, wato idan kwat ɗin ba ta zauna masa ba. Ta fuskar zargi kuwa, ba ta same shi ba.

Hajiya Rabi, Kaduna

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya gamsar, amma ina roƙon kada a raina fuskar farkon nan, domin ita ce take kayar da yaranmu. Na yi shekaru ina zama cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma abin da idona ya gani ya sa nake tare da mahaifiyar Auwalu a rabin maganar.

Yaro zai shigo da kwat wadda hannunta ya rufe masa yatsu, kafaɗarta ta zazzago, tambarin kamfanin da ake ɗinkewa a bakin hannu, wanda ya kamata a warware, yana nan yadda yake. Wuyan rigar ciki ya yi masa yawa, ko kuma ya shaƙe shi, ga zafin watan Afrilu da ke haura maki 40 a ma'aunin zafi, ga shi ya sauko daga adaidaita sahu ya jira a layi tun safe. Kafin a kira shi ya jiƙe sharkaf. Za ka yi masa tambaya a kan abin da ya karanta, kana gani ya san amsar, amma hannunsa ɗaya yana kan naktaye, ɗayan yana jan hannun riga sama. Babu wanda zai rage masa maki saboda kwat ɗin ba tasa ba ce, tunda ba a rubuta sunan mai ita a baya ba. Abin da ke rage masa maki shi ne hankalinsa ya rabu biyu, kuma ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sai dai ban yarda cewa kayan gida kullum su ne mafita ba. Na ga wanda ya zo neman aikin akawu da malum-malum mai aiki tun daga wuya har cibiya, ya fi shugaban kwamitin shiga, duk lokacin da zai miƙa takarda sai ya tattara hannun riga ya aza a kafaɗa. Na ga yarinya da leshin biki da gwala-gwalai da turaren da ya cika ɗakin bayan ta fita. Waɗannan duk kayansu ne, ba aro suka yi ba, amma ba su dace da wurin ba. Ma'aunin da nake bai wa 'ya'yana shi ne su san irin shigar da ma'aikatan wurin ke yi a ranakun aiki, sannan su ɗan ɗara ta kaɗan a tsafta da kintsuwa, kada su gaza ta, kada kuma su yi mata nisa.

Abdullahi, Sakkwato

Ranki ya daɗe, wannan ma'aunin naki ai shi ne abin da wata karin maganar ta faɗa: idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka. A ganina ita ce ta fi dacewa da ƙanen Auwalu. A yawancin bankunan Najeriya, kwat da naktaye ake sawa daga Litinin zuwa Alhamis, sai ranar Juma'a a sa kayan gida. Lauyoyi baƙi da fari suke sawa idan za su kotu, babu mai ce musu sun bar al'ada. Sanusi Lamido Sanusi jinin sarautar Kano ne, amma lokacin da yake Gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014 duniya ta san shi da kwat. Shawarata ga yaron ita ce ya je reshen bankin tun kafin ranar, ya zauna cikin masu jiran layi, ya dubi ma'aikatan da ke kan irin kujerar da yake nema, ya kuma sake karanta takardar gayyatar, domin wasu wuraren suna rubuta irin shigar da suke so a zo da ita.

Malam Hamisu, Katsina

Ni kam ban gamsu ba, kuma ina ganin Inna, mahaifiyar Auwalu, ta hango abin da ku ba ku hango ba. Ba kwat ɗin abokin kaɗai ce kayan aro ba, ita kanta al'adar ɗaure wuya a ƙasar da rana ke dafa ƙwaƙwalwa aro ce. Ranar 7 ga Oktoba 1960, da aka karɓi Najeriya cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya tsaya ya yi jawabi a New York, haka kuma ya je Amurka a 1961 ya gana da Shugaba Kennedy. Malam Aminu Kano ya yi rayuwarsa ta siyasa da farar riga marar ado da jar hula, kuma babu zauren da aka taɓa cewa shigarsa ba ta kai ba. Me ya sa yau ɗan Kano zai ji tsoron shiga ofis a cikin Kano da kaftani mai tsafta? Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin tsoron nan mu ne muka shuka shi a zukatan yaranmu.

Abdullahi, Sakkwato

Malam Hamisu, ina girmama kishinka, kuma ni ma kaftani nake sawa zuwa wurin aikina. Amma Firayim Minista ba neman aiki ya je yi ba, wakiltar ƙasa ya je yi, kuma shigarsa saƙo ce ga duniya. Wanda ya gama bautar ƙasa yana riƙe da takardunsa a ambulan ba ya cikin wannan matsayi, ba kuma shi ya kamata a ɗora wa gyaran al'adar bankuna a ranar da yake neman abin da zai riƙe iyayensa ba. Idan kuma za a bi asalin kaya, shaddar Getzner da muke alfahari da ita a Ostiriya ake saƙa ta, ana kawo ta Kantin Kwari, amma da telanmu ya yanka ta daidai jikinmu ta zama tamu. Na yarda da kai a wuri ɗaya: a ma'aikatun gwamnati na jihohin Arewa, da makarantu, da ƙananan hukumomi, kaftani da hula da takalmi sau-ciki cikakkiyar shiga ce, kuma wanda ya je can da kwat don ya burge mutane, shi ne ya yi aron da ba a nema ba.

Barista Maryam, Abuja

Ina so in sa iyaka ga karin maganar nan ta neman jela, domin mu mata an sha karanta mana ita a inda bai kamata ba. Ana bin al'adar wuri a launi da yanayin ɗinki da yawan ado, amma ba a bin ta a abin da mutum ya riƙa a matsayin addini. A watan Disamba 2017 an hana Firdaus Amasa shiga taron rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, aka yi ta muhawara a ƙasa baki ɗaya, sannan a watan Yuli 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A watan Maris 2022 rundunar 'yan sandan Najeriya ta amince wa mata su rufe kai a ƙarƙashin hular aiki, kuma a watan Yuni na shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗalibai mata na sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Da kowa ya nemi jela ya yi shiru, da ba a kai nan ba.

Abin da nake gaya wa ƙannena mata shi ne su zaɓi abaya ko doguwar riga marar ƙyalli, mai launi ɗaya mai duhu, da madaidaicin hijabi ko mayafin da aka kama da fil yadda ba zai riƙa zamewa ba, da takalmin da za su iya hawa bene da shi ba tare da ƙara ba. Atamfa mai sanyin zane ma ta wadatar a wurare da yawa. Abin da ake so shi ne, da ta zauna ta manta da abin da ke jikinta, ta fuskanci tambaya.

Malam Isiyaku, Zariya

Barista ta taɓo wani abu da ya shafi karin magana gaba ɗaya, wato kowace tana da wurin da take aiki da wurin da take tsayawa, shi ya sa za ka ga biyu suna kamar karo da juna alhali kowace gaskiya ce a muhallinta. Ina kuma so a lura da wanda ke faɗa da wanda ake faɗa wa. Uwa ta faɗa wa ɗanta "kayan aro ba ya rufe katara" tun kafin ya aro, wannan nasiha ce, kuma tana da hurumin yin ta. Amma mai hali ya faɗa wa marar hali bayan ya gan shi da rigar maƙwabci, wannan gori ne, kuma ban san Bahaushen kirki da zai yaba masa ba. Aro yana cikin zumuncinmu; ango yana aron babbar riga, amarya tana aron sarƙa, ba a kuma ɗauki hakan abin kunya ba. Yaro da yawa da ke zaune a ofis yau da kwat ɗin yayansa ko ta abokinsa ya shiga ganawarsa ta farko.

Musa Tela, Fagge

Malamai, ni ba masanin karin magana ba ne, ɗinki ne sana'ata, amma ina da abin da zan ƙara wa Malam Auwalu. Matsalar kwat ɗin aro a wurinmu ita ce ba a sa mata almakashi, tunda mai ita zai karɓi abarsa yadda ya bayar. Idan jikin ƙanenka da na abokinsa ɗaya ne, ya gwada ta a gaban madubi, ya zauna a kujera, ya miƙa hannu kamar zai ba da takarda. Idan ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai ƙarshen kafaɗarsa, hannun kuma ya tsaya a wuyan hannu, to ya sa abarsa. Idan ba haka ba, ya shiga Ƙofar Wambai wajen masu gwanjo ya nemi baƙa ko ruwan toka ko shuɗiya mai duhu, ya duba kafaɗa kafin komai, domin ita ce mai wuyar gyara. Tsawon hannu da faɗin ciki da ƙafar wando duk muna rage su cikin yini ɗaya, sai a kai wa mai wanki da guga.

Idan kuma ya bincika ya ga ranar Juma'a ce aka sa masa, ko bankin ya yarda da kayan gida, to farar shaddar da Inna ta ce ta isa, amma a kai ta bugu ko a yi mata guga mai kyau, a wanke hular a ɗora ta a kan gwangwani ta bushe ta miƙe, a goge takalmi tun da dare. Kowanne ya zaɓa, ya kawo mana da sauran kwana uku ko huɗu, kada ya zo ana gobe intabiyu, domin wuta tana iya ɗaukewa, kuma akwai ɗinkin wasu a gabansa.