Wa ya taɓa zuwa zaman rubutu ko na zane? Dan Allah a ba mu labari

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman waɗanda suka taɓa cike fom ɗin zaman rubutu, wato rezidensi ɗin nan da ake ɗaukar marubuci ko mai zane a ba shi ɗaki ya zauna wasu makonni ba abin da zai yi sai aikinsa. Ina da littafi da na fara tun ina da cikin na biyu, yanzu yaron har ya shiga nazare, littafin yana babi na tara bai motsa ba. Labarin yana nan a kaina wlh, lokaci ne babu, daga makaranta sai kicin sai wanki, in na ɗauki waya da daddare zan yi taifin sai in farka da asuba in gan ta a ƙirjina. Ina ganin sanarwa ana turowa amma na rasa ta inda ake farawa, kuma da Hausa nake rubutu. Wanda ya je da wanda ya nema bai samu ba duk ina son ji, kar a ɓoye min wahalar.

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ni na je na Ebedi da ke Iseyin a jihar Oyo, wanda Dakta Wale Okediran tsohon shugaban ƙungiyar marubuta ta ANA ya kafa a 2010. Sati shida na yi. Motar dare na shiga daga Kano zuwa Ibadan, daga nan na sake wata zuwa Iseyin, na isa ƙafafuna sun kumbura sumtum.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne shirun. Satin farko ko shafi uku ban rubuta ba, na saba da rubutu cikin hayaniya, yara na kuka, ana buga ƙofa, to da aka ba ni tebur da ɗaki ni kaɗai sai kaina ya ɗaure, in zauna in tashi in leƙa taga. Sai da na yi wa kaina doka, bayan sallar asuba ba na taɓa waya sai ƙarfe goma sha ɗaya, sannan abin ya ɓalle. Kafin in dawo na gama daftarin da ya shekara huɗu yana ja na. Kuma a can ana so ka ba ɗaliban sakandare na garin wani abu daga iliminka, ni waƙa na koya musu, gsky wannan ɓangaren ya fi tsaya min a rai. Da yamma in fita in tsaya wurin masaƙa, garin ya yi suna da saƙar aso-oke, ƙarar ƙoshiyarsu sak irin ta masaƙanmu. Musulmi da yawa a garin, sallah ba ta ba ni wahala ba. Ki tafi da kuka da yaji da daddawarki dai in Allah ya sa kin samu. Ni da Turanci na nema, don haka ki tura musu imel ki tambaya batun Hausa kafin ki wahalar da kanki.

Ɗan Zazzau:
Ni mai zane ne, a Samaru na yi karatu. Na nema sau goma sha ɗaya kafin a ɗauke ni sau ɗaya, kuma tara daga ciki ko amsa ban samu ba, biyu ne suka turo "muna baƙin cikin sanar da kai". Na ɗauka zanen ne bai kai ba har na fara tunanin komawa allon shaguna gaba ɗaya. Wani yayana a harkar ya ce in turo masa fayil ɗin da nake aikawa, yana buɗewa ya kira ni ya ce, kai wannan hoton da fitilar waya ka ɗauka? Ga inuwata a kan zanen, ga tabarma ta fito a gefe, launin shuɗi ya koma toka-toka. Su fa alƙalan ba za su taɓa ganin zanenka da ido ba, hoton nan shi ne kai. Muka fitar da ayyukan tsakar gida da safe kafin rana ta yi zafi, a inuwar bango, muka sake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta girma da shekara da irin fentin a ƙarƙashin kowanne, muka haɗa PDF guda. Na gaba da na nema aka kira ni hira.

Masu zane ku riƙa bibiyar rezidensin G.A.S. na mai fasaha Yinka Shonibare, suna da gida a Legas da gona a kusa da Ijebu, akwai rezidensin Black Rock na mai zane Kehinde Wiley a Dakar tun 2019, sai gasar LIMCAF ta Inugu ga matasa. Ku shiga shafinsu na asali ku karanta da kanku, kar ku tsaya a sikirinshot.

'Yar Malam:
Yaya Maman Biyu ni batun yaren ne ya fi ci min rai kuma gara ki sani tun yanzu. Tallafin gidauniyar Miles Morland na marubutan Afirka fam 18,000 ne a shekara ga mai ƙagaggen labari, kana tura kalma 10,000 duk wata, kin ga ai marubutanmu na onlayin wasu a sati suke zubo wannan. Amma sai da Turanci. Gasar gajeren labari ta Commonwealth tana karɓar Suwahili kai tsaye, Hausa kuwa sai an fassara ta zuwa Turanci, kyauta ake shiga, kalma 2,000 zuwa 5,000, ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba. Na gwada sau ɗaya, na biya aka fassara min, da na karanta wlh sai da na yi hawaye, duk karin maganar kakar da ke cikin labarin an mayar da ita bayani, tsohuwar ta koma kamar mai karanta labarai. Ban ga laifin mai fassarar ba, ni ce na ba shi saura kwana biyar a rufe.

Inda na ji an ɗauke ni marubuciya da yarena shi ne Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata. Ban kai ukun farko ba, amma dolen da aka yi min in matse labari cikin 'yan kalmomi ta koya min yanka, da can sai in yi shafi biyu ana gaisuwa. Ki riƙa shiga irin waɗannan, domin duk fom ɗin rezidensi sai sun tambayi me kika taɓa fitarwa, kuma "ina da mabiya dubu ashirin a WhatsApp" ba ya shiga ma'auninsu duk da mu mun san ba ƙaramin abu ba ne. Ki je HIBAF ma in an yi, bikin littattafan Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, a can na fara haɗuwa da masu fassara na gaske.

Abban Yara:
Ni gargaɗi na zo da shi. Bara aka turo min wata sanarwa mai tambari da hoton gida a bakin ruwa, wai wata uku a Turai komai kyauta. Kwana biyu da nema aka ce an zaɓe ni, ko samfurin rubutuna ba su tambaya ba, sai dai in tura kuɗin rajista da na inshora. Murna ta rufe min ido na tura dubu tamanin da biyar, kuɗin da na ware na buga littafi, asusun ma na mutum ɗaya ne ba na ƙungiya ba amma ban tsaya na duba ba. Daga ranar lambar ta mutu. Akwai na gaskiya da ke karɓar ɗan kuɗin nema, amma a shafinsu yake a rubuce tun farko. Wanda ya ce ka ci sannan ka biya, ka tsaya. Ka nemi sunayen waɗanda suka je bara ka yi wa ɗaya magana.

Baƙon Damagaram:
Allah shi mayar maka da alheri Abban Yara. Mu nan Nijar tamu matsalar daban ce. Ni mai ɗaukar hoto ne, a 2023 na samu gayyata ta wata biyu a Faransa, dosiye, wato takardun nema, ya cika, takardar gayyata na hannuna, har na saida babur na yi fasfo da sauran takardu. Sai aka yi juyin mulki a watan Yuli, Faransa ta dakatar da ba da biza ga Nijar da Mali da Burkina, daga baya ofishin jakadancinta na Yamai ma aka rufe. Masu gayyatar sun yi ƙoƙari sun ɗaga min lokaci har sau biyu, a ƙarshe muka haƙura. Wata shida ban ɗauki kamara ba. Yanzu Dakar da Akara da Legas nake dubawa, inda zan iya zuwa a mota ko da kwana uku ne. Kuma mai neman Turai ya tambaya tun farko wa zai biya jirgi da biza, bizar Shengen ta shiga Turai kaɗai yuro 90 ce, in an hana ka ba a mayarwa, wasu wuraren kuma sai ka saya tikiti da kuɗinka in ka isa su biya ka.

Anti Babba:
Ƙanwata duk sun faɗi gaskiya amma ba wanda ya taɓo wadda za ta fi tsaya miki, wato gida. Ni na samu na sati uku a nan cikin ƙasa, yarana huɗu a lokacin, autar ba ta daɗe da yaye ba. Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na nema a ɓoye, sai da aka ɗauke ni na kai wa maigida takarda, ya ce shi yanzu yake jin zancen, kuma wa ye a can, maza ne ko mata, ina za ki kwana? Ba ni da amsa ko ɗaya. Na rubuta musu na ba da haƙuri, na kwana uku ina kuka a ɗaki.

Shekarar da ta biyo baya tun ranar da sanarwa ta fito na zaunar da shi bayan ya ci abinci na karanta masa, na nuna masa hoton wurin, na samo lambar wata da ta je ya ji ta bakinta da kunnensa. Na je wurin Hajiyarsa da kaina da ɗan turarena na ce Hajiya karatu zan je na sati uku, ki sa min albarka, ita ce ma ta ce a kawo mata yaran biyu, biyu kuma wurin Innata. Shi ya kai ni har ƙofar wurin ya gaisa da masu kula ya juya. Daren farko ban yi barci ba, kunnena yana ta jiyo min kukan auta alhali tana can nesa, na kira Inna ƙarfe ɗaya na dare ta yi min faɗa ta ce ki kwanta yarinya na barci. Amma ranar da na zauna tun hantsi har la'asar ina rubutu ba wanda ya ce Umma ruwa, Umma ya doke ni, na kifa kai a tebur na gode wa Allah. Babi goma sha huɗu na dawo da su.

Bayanin aikin da za su ce ki rubuta kuma kar ki cika shi da "tun ina yarinya nake son rubutu", kowa haka yake cewa. Ki faɗi littafin kan me yake, kina babi na nawa, nawa za ki gama a wurinsu, da abin da ya hana ki gamawa a gida. Ki rubuta da Hausa yadda yake a ranki sannan a taya ki juyawa.

Malamin Adabi:
Anti ta gama magana. In ƙara ɗaya, kar a jira daren rufewa, ƙarfe sha biyun da suka rubuta sau da yawa agogon ƙasarsu ne, ga sabis ɗinmu yadda yake.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta har sau biyu. Abban Yara Allah ya musanya maka, Baƙon Damagaram Allah ya buɗe wata ƙofar. Anti yau da daddare insha Allah zan yi wa Baban su magana kafin in taɓa kowane fom, kuma hutun makaranta mai zuwa zan roƙi Gwaggona ta Daura ta ba ni ɗakinta na baya ko kwana goma ne in gwada zaman in gani. 'Yar Malam dan Allah babi nawa ya kamata in bayar a fassara a matsayin samfuri, na farko kawai ko in haɗa da na biyar, don shi na fi so?