Mai ko suga, wanne ya fi ta'adi ga mai shirin kamuwa da ciwon suga?

Baban Khalifa, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. An auna ni a asibiti, an ce ina bakin iyaka, don kafin in karya sugana yana kai 115 zuwa 120. Na sayi na'urar gwaji ina dubawa da kaina. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in na sha shayi mai kauri da burodi, bayan awa 2 sai in ga ya haura 180. Amma ranar da na ci garau-garau an malala mai, ko masa da man shanu, ba ya kai haka. Maƙwabcina a kasuwa ya ce ai mai ne yake danne suga, in ƙara. Masana, haka ne?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma kada ka ƙara man nan.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa, pankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Da gulukos, wato sugan da jiki ke samu daga abinci, ya shiga jini sai ta sake shi, shi kuma ya sa tsoka da hanta su kwashe sugan. Farin burodi da sugan shayi ba sa daɗewa a ciki, nan da nan suke juyewa gulukos, shi ya sa ka ga 180. Mai kuwa yana hana tumbi saurin sauke abinci, sai sugan ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan. Shinkafar tana nan yadda ka ci ta. Ka gwada bayan awa 4 ko 5, sau da yawa a lokacin ne za ka tarar bai sauka ba. Sannan kar ka manta da waken da ke cikin garau-garau, shi ma yana rage gudun tashin, kuma shi ne ya cancanci yabon.

Babbar matsalar mai ba ta fitowa a gwajin yini guda. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko suga 4 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Abin da jiki bai ƙona ba yana taruwa, kuma ba a tumbi kaɗai ba, har cikin hanta da tsoka. Hantar da ta yi kitse ba ta jin maganar insulin. Aikinta ne ta saki suga da dare don kada ya faɗi, insulin kuma ya ce mata ya isa. In ta daina ji, sai ta yi ta zubawa har asuba. Galibi daga nan 120 ɗin safe ke fitowa, ko da mutum bai ci komai ba tun isha. Sai pankiriyas ta yi ta ninka aiki shekara da shekaru, har ta gaza. Daga 126 zuwa sama kafin karyawa, in an maimaita gwajin, sunansa ciwon suga.

Abin daɗin shi ne ana iya juya shi. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, kusan rabin masu ciwon da aka sa su rage ƙiba sun koma daidai ba magani bayan shekara guda.

Ɗan Fagge:
Ni dai kakata da manja da man shanu ta rayu, ta haura casa'in. Lemon kwalba ne ya kawo mana wannan bala'in.

Anti Nas:
Allah ya jiƙanta, amma ita daka take yi da niƙa, Alhaji kuwa a kan benci yake wuni. Kan lemo dai na yarda da kai. Kwalbar kola mai 35cl tana da wajen giram 37 na suga, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini, 25 ma ya fi. Kuma rabin sugan wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke sarrafa yawancinsa, in ya yi yawa ta mai da shi kitse. Zoɓo da kunun aya da ake zabga wa suga ma sahunsu ɗaya. Mafi muni a wurina shi ne a haɗa biyun, fanke ko cincin da lemo mai sanyi. Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, wato irin kitsen da ake so a rage, man shanu ya fi haka, man gyaɗa ya fi su sauƙi. Shi ma da cokali, ba da ludayi ba.

Hajiya Maman Biyu:
To Anti, in aka bar suga aka koma zuma fa? Mai gidana ita yake sa wa a koko.

Anti Nas:
Hajiya, ba na musun falalar zuma, amma gulukos da furuktos ne cike da ita, kuma tana ɗaga suga. Ƙaramin cokali ɗaya ya wadatar, kokon ma a rage kofin, a haɗa da dafaffen ƙwai ko alala. In yana shan magani ko allurar insulin, kada ya sauya cimarsa sosai sai ya gaya wa likitansa, don sugan na iya faɗuwa ƙasa da 70.