Wata takwas ana jinya, har yanzu ba a gano cutar ba

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Masana lafiya na wannan zaure, ku taimaka mana da shawara. Yayata ce, shekararta 38, wata takwas ke nan tana fama da zazzaɓin yamma, kasala, ciwon gaɓoɓi, ga rama. Duk inda aka je sai a ce maleriya da taifod, a yi allurai, ta ɗan farfaɗo, bayan sati biyu abu ya dawo. Dangi har sun fara zancen sammu. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin, kuma me za ta riƙa yi kafin a gano?

Likitan Malali:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Malama, abu na farko ku daina yawon asibiti. Duk sabon likitan da ya gan ta daga farko zai faro, kuma abin da ya fi yawa a gari shi zai fara zargi, wato maleriya. Ku karɓi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ko Barau Dikko a nan cikin garin Kaduna ko na Shika a Zariya, a buɗe mata fayil ɗaya a sashen da ake kira MOPD, inda ake duba masu cututtukan cikin jiki ba tare da an kwantar da su ba, ku tsaya a nan ko da layi ya yi tsawo.

Kafin ranar, ku sayi ma'aunin zafin jiki da ɗan littafin rubutu. Safe da yamma a auna a rubuta. Daga 38 zuwa sama shi ne zazzaɓi, "jikina da zafi" ba ya gaya wa likita komai. A hau sikeli sau ɗaya a sati, sikeli guda kada a canza. A rubuta ko gumi na jiƙa mata riga da dare, waɗanne gaɓoɓi ke ciwo, ko suna kumbura, ko suna sanƙarewa da safe fiye da rabin awa. Zubewar gashi, gyambon baki, ƙurajen fuska, kaluluwa a wuya ko hammata, rikicewar al'ada, duk a sa. Marasa lafiya kan raina waɗannan, alhali sau da yawa su ke nuna hanya.

Gwajin farko ba masu tsada ba ne: ƙidayar jini, ESR (gwajin jini mai nuna alamar kumburi a jiki), fitsari, sukari, aikin ƙoda da hanta, ciwon hanta nau'in B, ƙanjamau, hoton ƙirji. Zazzaɓin yamma da rama dole a nemi tarin fuka ko da ba ta tari, domin yakan zauna a kaluluwa, ciki ko ƙashin baya. Gwajin majina na GeneXpert, mai gano tarin fuka, da maganin cutar kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In waɗannan sun fito lafiya, a shekarunta da ciwon gaɓoɓi za a duba cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, irin su lupus.

Mai Lab, Kakuri:
Dakta ya gama magana, ni kan taifod ɗin nan zan tsaya. In da gwajin Widal ake cewa tana da shi, ku ajiye takardar gefe. Widal ba ya ganin ƙwayar cutar, martanin jiki yake aunawa, kuma a inda taifod ya zama ruwan dare mutane da yawa za su nuna 1:80 ko 1:160 suna lafiya lau. Maleriya ma kan ɗaga shi. Abin dogaro shi ne a shuka jinin a kwalba a ga ko ƙwaya za ta tsiro, yana cin kwana biyar zuwa bakwai. Amma in ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Cipro ko an yi mata allurar Ceftriaxone kafin a ɗebi jinin, da wuya wani abu ya fito, kuɗi sun tafi a banza. Jini tukuna, magani daga baya.

Tsinken gwajin maleriya shi ma yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, don haka wadda ta gama magani kwanan nan a duba nata da madubin lab. Gwajin sukari na safe kuwa awa takwas ba ci, ruwa kawai. Shayi ko koko ya ɓata shi. Kowane sakamako a ɗauki hotonsa a waya, kwanan watan ya fito.

Famasis ɗin Kawo:
Hajiya, ki duba ledar magungunanta yau ɗin nan. Haɗin da ake ƙullowa a kemis na ciwon jiki sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna kwantar da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi cikin kwana biyu, shi ya sa ake ganin an samu sauƙi, amma suna rufe alamomin da likita ke nema, su ɗaga sukari da hawan jini, su ba tarin fuka damar bazuwa. In ta haura sati uku tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Likita ne zai rage mata a hankali. Cipro ɗin da ake ta maimaitawa ma yana ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, ya lafar da ita ba tare da ya kashe ta ba.

Shan diclofenac da ibuprofen kullum yana cin ciki da ƙoda. Farasitamol ya fi aminci: ƙwaya biyu na 500mg, tazarar awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a rana, in ta rame sosai ko hanta na da matsala ƙasa da haka. Ku tafi da kwalayen gaba ɗaya, har da jiƙo da garin gargajiya, kada a ɓoye don jin kunya.

Nas Barnawa:
Addu'a da ruƙiyya ba su hana gwaji, a haɗa. Abin da ba a so shi ne tsaga da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. A ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ƙwai, wake, kifi, kunun gyaɗa, nono dafaffe. Ɗanyen nono kansa yakan kawo zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi, a gaya wa likita in tana sha. Rashin barci da yawan kuka ma a faɗa, doguwar jinya na jawo ciwon damuwa kuma yana da magani. Ku tambayi tsarin inshorar lafiya na jihar Kaduna, wato KADCHMA, tun yanzu. Kada a jira ranar ganin likita in numfashi ya yi wuya, ido ya yi ɗorawa, ƙafa da fuska sun kumbura, fitsari ya ragu, ta yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko hankalinta ya rikice.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Na duba ledar, akwai prednisolone, ta kai wata biyu tana sha. Mu jira ta daina kafin gwajin?

Likitan Malali:
A'a, kada ku jira, kuma kada ta daina da kanta. Ku je cikin satin nan da kwalin, ku faɗi ƙwaya nawa take sha a rana da ranar da ta fara. Da wannan likita zai san yadda zai karanta sukarinta da ƙidayar jinin, ya tsara mata ragewa.