Yaya ake gane insha'in da na'ura ta rubuta?

Malamar Turanci, Gwale: Assalamu alaikum. A wannan zangon na karɓi insha'in ɗaliban aji shida, sai na tarar da yawancinsu babu kuskure ko ɗaya, alhali na san hannun yaran nan a cikin aji. Wace manhaja kuke amfani da ita wajen gane rubutun ChatGPT, manhajar nan mai rubuta wa mutum abin da ya nema?

Malamin kwamfuta: Wa alaikumus salam. An fi ambaton GPTZero, jami'o'i kuma suna da Turnitin, wadda ta ƙara wannan aiki a 2023. Sai dai kada Malama ta yanke hukunci da su kaɗai, domin kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiro ChatGPT, da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a Janairun 2023, ya kuma janye ta a watan Yuli saboda kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa.

Baban 'yan mata, Fagge: Malama, ina roƙonki da ki yi hattara, domin abin ya faru a gidana. 'Yata ta rubuta jingarta da hannunta, dare bayan dare ina ganinta a tsakar gida da littattafai, amma malaminsu ya zuba aikin a wata manhaja, ta ce na'ura ce ta rubuta, shi kuwa ya ba ta sifili ba tare da ya kira ta ya yi mata tambaya ko ɗaya ba. Yarinyar ta kwana biyu ba ta cin abinci saboda an kira ta mai satar amsa a gaban 'yan ajinsu. Abin da ya cece ta shi ne takardun gwajin da ba ta zubar ba, masu cike da gogewa da gyare-gyare, su muka ɗauka muka kai ofishin shugaban sashe. Daga baya na ji cewa masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada waɗannan manhajoji a 2023, suka ga fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne an jingina shi ga na'ura, saboda kalmominsu masu sauƙi ne kuma jimlolinsu a tsare suke. To, ai 'ya'yanmu ke nan.

Hajiya shugabar makaranta: Allah Ya huci zuciyarka, Baba. Wannan malami bai kyauta ba.

Malamin tarihi: Ni manazarta nake fara dubawa, domin na'urar takan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, ka neme su ka rasa. Lauyoyi ma sun faɗa wannan rami a New York a 2023, kotu ta ci su tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da na'urar ta ƙago, waɗanda ba su taɓa faruwa ba. Bayan haka sai in duba ko rubutun ya taka ƙasa. Ɗalibin da ya cika shafi uku kan Kasuwar Kurmi da yabon muhimmancin ciniki, bai ambaci Sarki Muhammadu Rumfa ba, bai san inda masu sayar da fata suke zama ba, shi nake kira ofis in ce ya rufe takarda ya faɗa mini da bakinsa.

Wani malamin jami'a: Ana ta zargin na'ura, alhali tun kafin ta zo masu shagunan buga takardu suke sayar wa ɗalibai tsofaffin kundaye, a canja suna da shekara kawai.

Mai shagon buga takardu, Kabuga: Ranka ya daɗe, ba dukkanmu ba ne. Kuma da masu duba kundin suna karantawa har ƙarshe, da cinikin bai yi shekaru yana tafiya ba.

Wani malamin jami'a: Ka taɓa duba kundi arba'in a zango ɗaya, Alhaji?

Malamar Hausa, Dala: A namu fannin abin ya fi sauƙi, domin na'urar takan rikita jinsi, ta mayar da mace namiji a tsakiyar sakin layi, ta kuma kawo karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa jin ta.

Malamar Turanci, Gwale: Na gode. Gobe zan sa su sake rubutawa a gabana, in kwatanta da na farko.

Hajiya shugabar makaranta: Ki fara karɓe wayoyin tukuna, Malama.