Gold Wing ko Africa Twin: wane ya dace da ɗan Kebbi?

Alhaji Na Birni: Salam 'yan uwa. Wlh yau raina a ɓace yake shi ya sa na kawo maganar nan gurup. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi babban mashin na doguwar tafiya, irin wanda ake ce ma turin, kuma Gold Wing nake so, ko ɗan Kwatano ne. Na kira wani dillali a Kano muna cikin magana yana jin na ce daga Kebbi nake sai ya kwashe da dariya wai in manta da shi in nemi adbenca, wato mashin mai bin kwalta da jar ƙasa, irin su Africa Twin, wai mu ba mu da hanyar da za mu hau Gold Wing. Kuɗina ne ko nashi? Ni dai ra'ayina a fili yake, duk wanda ya san daɗin tafiya turin zai saya. Inji 1833cc, silinda 6, kujera mai faɗi, gilashin tare iska, akwatuna a jiki, har ribas gare shi. Adbenca na wanda tafiyarshi ke ƙarewa a ƙauye ne, ni kuwa Abuja da Kaduna nake zuwa. Wanda ke da ja ya fito.

Ɗan Kabi: Alhaji da girmanka, mi kake nuhi da ƙauye? Ka hwaɗa muna ƙauyen da kake nuhi mu ji.

Baban Khairat: Ni ma kalmar ce ta tsaya min. Ana maganar mashin sai ka kawo ƙauye, to mu da muke Zuru da Yauri da Kamba a wane layi ka sa mu?

Alhaji Na Birni: Ban kira sunan garin kowa ba, hanya nake nufi, inda kwalta ta ƙare.

Ɗan Kabi: A'a Alhaji, ba haka kac ce ba. Cewa ka yi tahiyarshi na ƙarewa ƙauye, wato duk wanda yas sayi adbenca baƙauye na. Mu nan Argungu tun 1934 aka bikin kamun kihi, Turawa na tasowa daga ƙasashensu su zo kogin Matan Fada su gani, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya 2016, sannan don an ba ku hedikwatar jiha 1991 shi ke nan kowa ya koma ɗan ƙauye sai ku?

Injiniya Jega: Don Allah ku bari in ɗan yi maganar mashin ɗin kanshi kafin a yi nisa. Alhaji ka auna wannan, daga ƙarƙashin Gold Wing zuwa ƙasa santimita 13 ne kawai, Africa Twin kuwa 25. Nauyin Gold Wing mai akwatin baya ya kai kilo 380 ko fi, Africa Twin wajen 230. Tayar gaban Africa Twin inci 21 ce mai sufok, ta Gold Wing inci 18 ce, kuma idan ka faɗa rami da gudu rim ɗin ne zai fara lalacewa, nan kuwa ba abu ne da za ka samu a kasuwa ka canza da yamma ba. Ba maganar ƙauye ba ce, hanyar da kake cewa za ka bi zuwa Abuja, Jega, Koko, Yauri har Kontagora, kai ma ka san ba duk inda aka ce kwalta ba ne kwalta take, wani wurin sai ka sauka gefe ka bi jar ƙasa saboda tireloli sun cinye tsakiya, kuma in damina ta sauka ruwa ya rufe ramin ba ka san zurfinshi ba. Mashin mai kilo 380 in ya kwanta ma a laka kai kaɗai, sai ka tara mutane.

Baban Khairat: Injiniya bar shi, ai shi ba ya bin hanyar 'yan ƙauye, ta sama yake bi.

Abu Mai Kasea: To ni tambaya nike, shinkafar da aka ci Birnin Kebbi ina anka noma ta? Ba Suru da Bunza da Augie ba? Albasa ba Aliero ba? Ku ci abincin ƙauye ku ƙoshi sannan ku zo waya kuna zagin ƙauye. Wallahi wanga abu ya yi min zahi.

Alhaji Na Birni: Subhanallah. Ni ma kakana manomi ne, wa na zaga? Ku koma ku karanta abin da na rubuta.

Ɗan Kabi: Mun karanta, shi ya sa muka magana.

Sarkin Gudu: Ni ina bayan Alhaji ɗari bisa ɗari kuma ba na jin tsoron kowa. Waɗanda ke ta ihun ƙauye ƙauye ɗin nan akwai wanda ya taɓa zama kan Gold Wing a cikinsu? Honda ta fara yin shi tun 1975 kuma har yau ana yi, in ba shi da kyau da an daina. Ba shi da kaca, shaf ne, wato sandar ƙarfe ke juya tayar baya, ba ruwanka da wanke kaca da sa mata mai bayan ƙurar hunturu. Kujerarshi santimita 74 da rabi daga ƙasa, kowa zai dire ƙafa biyu, Africa Twin kuwa daga 85 ta fara, gajeren mutum in ya tsaya a shingen jami'an tsaro sai ya dinga ɗage da yatsa ɗaya. Kuma in za ka ɗauki iyali a baya ai babu haɗi, Hajiya za ta jingina ne ta huta.

Injiniya Jega: Maganar tsayin kujera gaskiya ce ban musa ba. Amma in shaf ne damuwarka BMW GS ma shaf ne kuma adbenca ne, tun R 80 G/S na 1980 haka suke yin shi.

Malam Na Gwandu: Sarkin Gudu ka ji tsoron Allah, wace Hajiya za ka ɗora bayan mashin daga Birnin Kebbi har Abuja a wannan yanayi da ake ciki? Iyayenta ma ba za su yarda ba. Mu bar kwaikwayon abin da muke gani a bidiyon Turawa.

Sarkin Gudu: Malam ban ce a kai ta Abuja ba, ko nan da Kalgo ne ai tafiya ce. Kuma mata nawa ke hawa kabu-kabu kullum a garin nan ba ka ce komai ba sai yau?

Malam Na Gwandu: Larura daban, yawon nishaɗi daban. Kada ka haɗa.

Baban Khairat: Ga shi nan an ce Kalgo, to Kalgo birni ce ko ƙauye Alhaji? Muna jiran amsa.

Ɗan Kamba: Ku da kuke cewa adbenca na ƙauye ne ku sani sunan ma daga wajenmu aka ɗauka. Yamaha Ténéré sunan hamadar Tenere ce ta Nijar, can gabas da Agadas. Tseren Faris zuwa Dakar na farko a 1979 ta Agadas da Yamai ya bi, kuma Yamaha XT500 ya ci a ɓangaren mashin. Ko Africa Twin ai sunan ya nuna. 'Yan Japan sun zauna sun ƙera mashin saboda ƙasarmu, mu kuma muna nan muna sha'awar wanda aka ƙera saboda titunan Amurka. Ni nan da Gaya ta Nijar taku kaɗan ne, na ga masu yawon duniya suna wucewa, ban taɓa ganin ko ɗaya kan Gold Wing ba.

Sarkin Gudu: Don ba ka gani ba ba shi ne babu ba. Kawo hoto.

Ɗan Kamba: Hoton abin da ban gani ba zan kawo? Kai ka kawo hoton wanda ka gani. Kunle Adeyanju da ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 don yaƙi da cutar shan inna, Honda CB500X ya hau, ba Gold Wing ba.

Sarkin Gudu: CB500X ai ba cikakken adbenca ba ne, mashin ɗin kwalta ne aka ɗaga mishi ƙafa, injin ma 471cc ne.

Injiniya Jega: To ai hujja ce a kanka ba gare ka ba, ƙaramin inji ya ratsa Sahara ya iso.

Abu Mai Kasea: Ni duk wagga gardama ta masu kuɗi ta. Tun da anka cire tallahin mai 2023 mutum nawa ka iya cika tankin lita 21 don yawo? Kasea tawa da Boxer ɗin ƙanena babu inda ba su shiga, kuma in sun lalace kowane bakanike na gyarawa ƙarƙashin icce. Naku in kwamfutarshi ta nuna wuta sai an ɗora shi mota an kai Kano ko Abuja.

Alhaji Na Birni: Abu ba a hana kowa hawa Kasea ba, amma ba ita na tambaya ba.

Abu Mai Kasea: Awo, yanzu kuma Kasea ta zama ta 'yan ƙauye ke nan.

Alhaji Na Birni: Innalillahi, yaushe na ce haka?

Baban Khairat: Ba sai ka ce ba, mun gane. Ka janye kalmar kawai a wuce wurin.

Alhaji Na Birni: Ba zan janye abin da ban yi nufin zagi da shi ba. Na zo neman shawara wurin 'yan uwa an mai da ni abin tuhuma, dillali ya raina ni a waya na zo gida ku ma kun ƙara. Na gode.

Malam Na Gwandu: Alhaji yi haƙuri, kai babba ne. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo, yanzu duk babban mashin mai kama da na daji ido ake sa mishi a shingaye saboda abin da ɓarayin daji ke yi da mashina, musamman ta ɓangaren Zuru da iyakar Zamfara. Duk wanda za ka saya ka tabbata takardun kwastan da lamba sun cika, ka sa hular kwano, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Ɗan Kabi: Ka ji, yanzu kuma Zuru anka koma ma.

Baban Khairat: Malam mu ne abin ya fi shafa, mu ake kashewa, don Allah a daina kiran sunan garinmu duk lokacin da aka ambaci ɓarayi.

Malam Na Gwandu: Wallahi ba haka nake nufi ba ɗan uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Admin: To jama'a ya isa haka, zan rufe nan. Abin da na fahimta, mafi yawan waɗanda suka yi magana da hujja sun nuna adbenca ne ya dace da mu, Injiniya ya kawo lissafi, Ɗan Kamba ya kawo tarihi, ɓangaren turin kuwa ban ga abin da suka kawo ba banda kujera da ribas. Ni kaina adbenca nake hawa, V-Strom 650, kuma ba inda ya taɓa ba ni kunya daga nan har Yauri, don haka Alhaji shawarar gurup ita ce ka bi maganar dillalin nan duk da bai iya magana ba. Kalmar ƙauye kuma bai kamata ta fito daga bakin babba kamarka ba, muna jiran ka ba 'yan uwa haƙuri. Sarkin Gudu ka same ni ta waya akwai kuɗin wata biyu da ba ka biya ba.

Sarkin Gudu: Admin wannan ba adalci ba ne, maganar shaf da tsayin kujera fa da Injiniya da kanshi ya yarda da ita? Kuma me ya kawo kuɗin wata cikin maganar nan?