Neman shawara: na buɗe shagon ɗinki, amma hankalina ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni tela ne a unguwar Zariya cikin garin Maradi. Bayan na daɗe a ƙarƙashin maigidana, ya yaye ni da albarka, na kama shago haya, na sayi keke da injin surfani. Daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah aiki yakan yi mini yawa har in kwana a shago, amma da zarar damina ta faɗi mutane sun koma gona, sai in wuni ban ɗora almakashi a kan yadi ba, alhali haya da haraji da cefane ba su san damina ba. 'Yan'uwa da abokai kuma sukan karɓi ɗinki su ce "sai na zo", ni kuwa nauyin tambayarsu nake ji. Yanzu barci ya ƙaurace mini, lissafi nake yi har asuba, kuma ban faɗa wa maiɗakina komai ba don kada in tayar mata da hankali. An yi mini tayin aikin albashi a wani kanti. Shin in rufe shagon in karɓa, ko in daure?

Amsar wani dattijon tela daga Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ka faɗa babu telan da bai ɗanɗana shi ba, kuma a ganina ciwon yana cikin aljihunka, domin na tabbata kuɗin shago da kuɗin gida wuri ɗaya suke kwana. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka kowane mako, kamar yadda maigidanka yake sallamarka a da, sauran kuma na shago ne, ko baƙo ya sauka ba a taɓa shi. Abin da ka samu a ƙaramar Sallah da babba, ka fara cire hayar watannin damina ka kai wa mai shago tun kuɗin suna hannu. Kada kuma ka yanka yadin kowa sai ya ajiye rabin kuɗin aiki, domin zare da shafi da maɓalli da kuɗi kake saye. Mu da muka ga rufe iyakar Najeriya a watan Agustan 2019, wanda ya kai har Disambar 2020, muka sake ganin na 2023 lokacin da kayan Kantin Kwari suka yi wuyar isowa ta Jibiya da Ɗan Isa, wutar da ake jawowa daga Najeriya kuma ta yanke, mun san cewa waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne masu ɗan ajiya da keken ƙafa a kusurwar shago. Kada ka rabu da keken ƙafa saboda ka samu na lantarki. Kafin komawa makaranta a watan Oktoba kuma, ka zagaya ka nemi ɗinkin kayan 'yan makaranta, shi ne yake cike wannan giɓin.

Amsar wata uwa mai sana'ar man gyaɗa:

Ƙanena, ni maganar maiɗakinka ce ta tsaya mini a rai. Matar da take ganin mijinta yana juyi a shimfiɗa ta riga ta san akwai damuwa, kuma idan ba ka faɗa mata ba, za ta zaci abin da ya fi wannan muni. Ka zaunar da ita ka nuna mata abin da ke shigowa da abin da ke fita, za ka yi mamakin yadda za ta daidaita cefane. Mu mata mun daɗe da wannan dabara, domin asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi ya fara a 1991, da zubin ɗan abin da ya sawwaƙa kowane mako, ana ba juna rance daga akwati ɗaya. Ku ma teloli ku haɗu da waɗanda kuka amince da su ku kafa adashi, ka roƙi kwasarka ta faɗo cikin damina.

Amsar wani malami:

Malam, rubuta bashi ba rashin kunya ba ne, umarni ne da ya zo a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Ka ajiye littafi, ka rubuta suna da adadi da ranar biya a gaban mai karɓa, ko da yayanka ne. Wanda ka san ba shi da hali, ka yi masa kyauta da niyya tun farko, zuciyarka ta huta da jiransa. Idan rashin barcin ya ci gaba har ya fara hana ka cin abinci ko aiki, ka je asibiti ka yi bayani.

Amsar wani ɗan kasuwa:

Ina girmama maganar Baba, amma ina da ɗan bambanci. Karɓar albashi ba faɗuwa ba ce. Ka tambayi mai kantin ko zai yarda ka yi masa aiki daga safe zuwa azahar a watannin damina kawai, shagonka kuma ya zauna a buɗe da yamma.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Zan yi magana da maiɗakina a daren yau, gobe kuma in je wurin mai kantin da wannan shawara. Baba, ina da sauran tambaya ɗaya: yaya zan fara neman rabin kuɗi daga tsofaffin abokan cinikin da suka saba biya sai bayan sun karɓi kaya, ba tare da sun ji na canza musu ba?