Aikin akawu da yaren waje: shawarwarin majalisa

Bayan la'asar, a majalisarmu ta Gwammaja, wani ƙanenmu mai jin Faransanci da Larabci ya nemi shawara kan aikin akawu a gwamnati.

Baba, wanda ya yi ritaya a Sakatariyar Audu Bako, ya fara rage masa zumuɗi: "Yaro, akawu fayil yake bi, da rajistar wasiƙun shiga da fita, kuma duk da Turanci ake yinsu." Ya ce mai takardar sakandare daga matakin albashi na 04 yake farawa, mai digiri kuwa 08, don haka in da hali ya ƙarasa Jami'ar Bayero tukuna.

Inda yaren ke amfani aka fi daɗewa. Larabci sai hukumar alhazai, musamman lokacin jigilar maniyyata da wasiƙun Saudiyya. Faransanci kuma Kwastam da Shige da Fice, a iyakar Nijar kamar Jibiya da Maigatari, sai Ma'aikatar Harkokin Waje da ECOWAS a Abuja, wadda harsunan aikinta uku ne: Turanci, Faransanci da Fotugis.

Wani malami ya dage kan takardar shaida, kuma ni ma nan na karkata. Faransancin da aka tsinta wajen 'yan Maraɗi a Kantin Kwari yana sayar da atamfa, amma gaban kwamitin ɗaukar aiki takarda ake miƙawa. Ya ce ƙanen namu ya zauna jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci a Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci, ya kuma koyi buga wasiƙa da kwamfuta cikin yarukan biyu.

Masu sayar da gurbin aiki kuwa, baki ɗaya aka ce kada ya ba su ko sisi.